Sau Huɗu a Gaban Alƙali: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Bola a Abuja, 2017 zuwa 2025

Asalin lamarin, 1997 zuwa 2016

Matashin da wannan nazari ya shafa an haife shi a 1997 a wani ƙauye na jihar Katsina, kuma ba za a ambaci sunansa ba, balle na garinsu ko na kotunan da ya tsaya a gabansu. Na fara ganinsa a 2019 a cikin masu jiran shari'a, lokacin da nake bin kwamitin masallacin unguwarmu da ke kai wa fursunoni ziyara. Abin da zan kawo a nan ya fito ne daga kwafin takardun kotu, da bakinsa, da bakin kawunsa da na maigidan da yake koyon sana'a a wurinsa yanzu.

Ya zo Abuja ci-rani a 2014 yana ɗan shekara 17, da karatun allo kaɗan da aji huɗu na firamare. Ya fara da dako a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, a 2015 kuma ya koma bola, domin ya ga sa'o'insa na bola suna kwana da kuɗi a aljihu. Yadda sana'ar take shi ne, kowace safiya mai gidan bola zai ba yaro kura da jari, a wancan lokacin naira 3,000, yaron ya bi unguwanni irin su Kubwa da Dutse da Gwarinpa yana sayen tsoffin ƙarafa da alminiyam da matattun batura, da yamma ya dawo a ɗora a sikeli, a cire jari, abin da ya saura nasa ne. A rumfar gidan bolar yake kwana, a nan yake cin abinci bashi idan kasuwa ba ta yi ba, wato makwanci da jari da kura da ciniki duk a hannun mutum ɗaya suke. Kilo ɗaya na jan ƙarfe ya ninka kilon baƙin ƙarfe sau da yawa a farashi, sikeli kuwa ba ya tambayar inda kaya suka fito. Tun a 2016 ya fara haɗiyar tiramol don ya jure tafiyar yini a rana, kuma kafin ƙarshen shekarar mai gidan bolar yana binsa naira 18,000.

Maris 2017: hukuncin farko

Maigadi ya kama shi a wani kangon gini da ƙunshin wayar wuta da ya zaro daga bango. Takardar ƙarar 'yan sanda ta ƙiyasta wayar a naira 45,000. Ya kwana uku a bayan kanta, aka gurfanar da shi a kotun majistare, aka karanta masa tuhuma, tafinta ya fassara, ya ce ya aikata. Ba shi da lauya, kuma daga kiran sunansa zuwa yanke hukunci ba a kai minti 15 ba.

Dokar da aka tuhume shi da ita ita ce kundin Final Kod, wanda aka zartar wa Jihar Arewa a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kuma har yau da shi ake hukunta manyan laifuffuka da ƙanana a Babban Birnin Tarayya. Sashe na 287 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi sata. Sashen bai raba mai satar farko da mai ta biyar ba. Iyaka kawai ya sa, ya bar wa alƙali ya auna. Ma'aunin yana cikin Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda sashenta na 416 ya hana a yanke wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, ya kuma umarci a lissafa kwanakin da mutum ya yi a tsare kafin hukunci. Shi ya sa bayan an tabbatar da laifi alƙali yakan juya ga ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tambaye shi ko an san mai laifin da wani laifi a baya. A ranar an amsa da gaskiya cewa ba a san shi da komai ba. Aka yanke masa wata shida ko tarar naira 20,000.

Ya yi kwana 19 a gidan yari kafin mai gidan bolar ya aiko aka biya tarar. A ƙauye an ɗauki wannan a matsayin alheri, har mahaifiyarsa ta aika da godiya. Kuɗin dai an rubuta su a littafin bashi, bashin ya koma naira 38,000, ana zarar wani abu kowace yamma a gaban sikeli. Sashe na 317 na kundin ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 ga mai karɓar kayan sata da saninsa, wato ɓarawon zaune, hukuncin da ya kusa ninka na ɓarawon tsaye sau uku. Babu wanda ya tambayi yaron, a ofishin 'yan sanda ko a kotu, wurin wa ya yi niyyar kai wayar.

Nuwamba 2018: mai laifin farko karo na biyu

Wata 20 bayan haka aka sake kama shi, wannan karon da batiran mota biyu da ya ciro daga wani gareji. Ofishin 'yan sanda daban ne, kotun ma daban. A 2017 an rubuta shi da sunansa na yanka haɗe da na mahaifinsa; a 2018 da aka tambaye shi sai ya ba da laƙabin da ake kiransa da shi a gidan bola haɗe da sunan garinsu. Duk Bahaushe ya san wannan ba lallai ƙarya ba ce, mutum ɗaya yana iya amsa suna uku a yini guda, amma a takarda sun zama mutum biyu.

Dokar 2015 ta hango irin wannan. Sashe na 15 ya ce a rubuta bayanan duk wanda aka kama, har da hotonsa da zanen yatsunsa, sashe na 16 kuma ya kafa babbar rajistar masu laifi a ƙarƙashin rundunar 'yan sanda, inda ya kamata kowace kotu ta aika da hukuncinta. A wannan shari'ar ba a haɗa takardun biyu ba. Mai gabatar da ƙara ya ce ba a san shi da laifi ba, shi kuma ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini sassauci, wannan ne karo na farko." Ya gaya mini daga baya cewa a bayan kanta aka koya masa wannan jimla.

Alƙalin ya zaɓi kada ya aika shi gidan yari. Sashe na 460 na dokar ya ba kotu damar maye gurbin ɗauri da aikin al'umma don rage cunkoso da hana ƙananan masu laifi cuɗanya da manya, sai aka umarce shi ya riƙa share harabar kotu na awa uku kowace safiya har kwana 30. Ya je kwana 11 ya daina. Daga Dei-Dei zuwa kotun mota biyu ce zuwa, biyu dawowa, safiya kuma ita ce kasuwar ɗan bola, ga bashi ana cirewa ko ya fita ko bai fita ba. Babu wanda ya bi sawunsa. Jami'an hukumar gidajen yari sai a 2019 doka ta ba su aikin sa ido a kan irin wannan hukunci, lokacin da Dokar Hukumar Gyaran Hali ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta kuma raba aikinta gida biyu, na tsarewa da na hukuncin da ba na tsarewa ba. Maganar ƙwaya kuwa ba ta taso a kotu ba, alhali a lokacin ba ya iya fita aiki sai ya haɗiya.

Yuni 2019 zuwa Yuli 2020: wata 13 babu hukunci

Kamu na uku ya bambanta da na baya. An sace janareto a wani gida, aka kai samame rumfunan 'yan bola, aka kwashe mutum bakwai har da shi. Ya musanta tuhumar a kotu, kuma har yau yana rantsuwa cewa ba shi da hannu, duk da cewa ya amsa wasu sace-sacen da ba a taɓa kama shi a kansu ba. Aka ba da belinsa a kan naira 200,000 da mai tsaya masa mutum ɗaya da ke da tabbataccen adireshi a cikin birnin. Sharaɗin bai yi tsauri ba ga mai dangi a gari. Shi kuwa duk wanda ya sani a Abuja a rumfa yake kwana, mai gidan bolar da ya yi saurin biyan tara a 2017 kuma bai leƙo ba, domin tara a aike ake biyanta, mai tsayawa kuwa sai ya kawo hotonsa, ma'aikacin kotu ya je ya ga inda yake zaune.

Aka yi ta ɗage shari'ar. Mai janareton ya zo sau ɗaya bai ƙara dawowa ba, ɗan sandan da ya yi bincike aka sauya masa wurin aiki, daga ranar 30 ga Maris 2020 kuma aka rufe Abuja saboda korona. A Afrilun shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da afuwa ga fursunoni 2,600, amma galibinsu waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne, tsofaffi da marasa lafiya da masu ƙaramar tara da waɗanda wa'adinsu ya kusa cika. Wanda doka ke ɗauka marar laifi bai shiga lissafin ba. Sai a Yuli wata lauya mai aikin sa kai ta nemi kotu ta kori ƙarar saboda rashin kawo shaidu, aka kore ta.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma koyon sana'a a ciki galibi na waɗanda aka yanke wa hukunci ne. Mai jira zama kawai yake yi. A wannan zaman ne na san shi, siriri, mai tabo a gira, ba ya ɗaga kai idan ana magana da shi, roƙonsa kullum sabulu ne da a kira masa kawunsa. Ya shiga ya iya zare waya da cire batir, ya fito ya san yadda ake ciro injin sumo mai janyo ruwa daga rijiyar burtsatse cikin ɗan lokaci, da wanda ke saya, ya kuma haddace lambobin waya uku.

Daminar 2020: gwajin dangi

Kawunsa ya zo da kansa ya tafi da shi gida. Aka ba shi gona, aka yi masa rubutu ya sha, aka sa ya dafa Alƙur'ani a gaban limamin gari cewa ya bar sata. Ya yi noma sosai, kawun ya shaida, kuma ƙwaya ta ragu don babu kuɗin saye. Da kaka ta yi aka nema masa auren wata yarinya, iyayenta suka ce ba za su ba ɗan fursuna ba. Da akuya ta ɓata a unguwa, ɗakinsa aka fara dubawa. Wani dattijo ya faɗa a gabansa cewa hali zanen dutse ne. A Janairun 2021 ya sayar da buhun gero biyu ya hau mota, kuma da ya sauka Zuba babu inda ya sani da za a ba shi wurin kwana a daren sai gidan bolar nan, inda littafin bashi ke jiransa.

Agusta zuwa Oktoba 2021: ranar da doka ta tuna

An kama shi da wani da suka haɗu a gidan yari, sun shiga ɗakin ajiya na wani gida sun ɗauko injin sumo da wayarsa. Dubunsa ta cika ta wata hanya da bai zata ba: kotun 2017 aka mayar da shi, magatakardan kotun kuma ya gane tabon girarsa, ya koma ya tono tsohon fayil.

Akwai ƙa'ida a kan yadda tsohon laifi ke shiga sabuwar shari'a. Tsarin mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar, ya kuma hana a hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya. Sashe na 82 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo mugun halin wanda ake tuhuma a matsayin hujjar cewa ya aikata laifin da ke gaban kotu, sai a wasu 'yan yanayi da dokar ta keɓe. Saboda haka ba a ambaci satar 2017 ba sai bayan ya amsa wannan laifin an tabbatar masa da shi, sannan mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar shaidar tsohon hukuncin, aka tambaye shi ko shi ne, ya ce shi ne. Hukuncin 2018 bai fito ba. Zaman wata 13 kuwa ba hukunci ba ne, don haka ba a lissafa masa shi a matsayin laifi ba, ba a kuma rage masa shi daga sabon ɗaurin ba.

An tuhume shi a ƙarƙashin sashe na 288, satar cikin gida ko wurin ajiyar kaya, mai iyakar shekara bakwai. Kotunan Abuja suna da jagorar yanke hukunci tun 2016, aka faɗaɗa ta a 2020, kuma a cikinta tsohon laifi yana cikin abubuwan da ke ƙara nauyin hukunci, amsa laifi da wuri yana cikin masu rage shi. Alƙalin ya yanke masa shekara uku babu zaɓin tara, daga ranar da aka kama shi. Injin an mayar wa mai shi.

Wasu ƙasashe ba sa barin wannan awo a hannun alƙali. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 1994 wadda ta wajabta ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai a kan babban laifi na uku, har aka riƙa ɗaure mutane tsawon rayuwa a kan ƙananan sace-sace, sai a 2012 masu zaɓe suka sassauta ta. Irin wannan doka tana buƙatar rajistar da ba ta mantuwa. A nan kuwa, da an kai matashin wata kotun, da wataƙila ya zama mai laifin farko karo na uku.

Oktoba 2021 zuwa Agusta 2023: zaman Kuje

Fursunan da ya kiyaye doka ana yafe masa sulusin wa'adinsa, abin da ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Shekara uku ta zama wata 24, kuma tun makon farko gandiroba ya faɗa masa watan fitarsa. Ya ce mini a duk rayuwarsa bai taɓa samun ranar da zai ƙirga zuwa gare ta ba sai a lokacin. A zaman jiran shari'a babu abin ƙirgawa.

Makonnin farko ya sha wuyar rabuwa da ƙwaya, ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci. Bayan wata biyar aka sa shi a shagon walda. Kayan aiki ba su wadata ba, wuta kuma ba kullum ba, ta yadda wani makon kallo ya fi aiki yawa, amma ya koyi awo da yanka da haɗa firam ɗin ƙofa, da yamma kuma wani fursuna tsohon malamin makaranta yana koya musu karatu da lissafi. Lissafin ne ya sa ya fara tambayar yadda bashin naira 38,000 da aka yi shekaru ana cirewa bai taɓa ƙarewa ba.

Daren 5 ga Yuli 2022 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Kuje da abubuwan fashewa, harin da ƙungiyar 'yan ta'adda ta ISWAP ta ce ita ta kai. Gidan da aka gina wa mutum 560 yana ɗauke da kusan dubu a daren, kuma fiye da 800 suka fita, ko da yake an kamo da yawa, wasu kuma suka dawo da ƙafarsu. Shi bai fita ba. Ya kwanta rub da ciki a kusurwar ɗaki har gari ya waye. Da na tambaye shi dalili bai yi maganar tuba ba. Cewa ya yi saura wata 13, idan ya gudu kuma sabon laifi ne, sannan ina zai nufa in ba gidan bola ba.

Wannan amsa ce ta sa kwamitinmu ya fara neman inda zai nufa tun saura wata shida ya fito. Kawunsa ya tuna da wani mai walda a Gwagwa, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Sau uku muka je. Karo na farko ya ƙi, ya ce shagonsa cike yake da ƙarfen mutane. Karo na uku ya yarda da sharuɗɗa: yaron zai kwana a shago tare da babban almajirinsa, ba zai riƙe mabuɗi ba, ba zai taka gidan bola ba, za a ba shi abinci da naira 1,500 a rana. Sannan kawun da mai waldan suka je wurin mai gidan bolar. Ya buɗe littafi ya ce yana bin naira 71,000. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan 30,000, kawun ya sayar da rago ya biya a gaban shaidu biyu, aka yage shafin.

Agusta 2023 zuwa Disamba 2025: bayan fita

Ya fito wata biyu da 'yan kwanaki bayan cire tallafin man fetur na 29 ga Mayu 2023, lokacin da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Maigidan ne ya je bakin ƙofa da babur ya ɗauko shi, ya wuce da shi shago kai tsaye.

A Fabrairun 2024 injin yankan ƙarfe ya ɓata a shagon. Babu wanda ya furta komai, amma sauran yara suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi, maƙwabcin shago kuma ya zo ya ce wa maigidan dama ya gaya masa. A dare na biyu yaron ya fice, ya je ya sayi ƙwaya ya haɗiya, ya kwana a tashar mota. Da asuba maigidan ya same shi a can, bai yi masa faɗa ba, ya ce, "Tashi mu je, akwai ƙofar mutane da ba a gama ba. In kai ka ɗauka Allah zai tona, in ba kai ba ne ma zai tona." A rana ta uku injin ya dawo: babban almajirin ne ya ara wa wani abokinsa ba da izini ba, tsoro ya hana shi faɗa. Maigidan ya sa shi ya ba yaron haƙuri a gaban kowa. A Afrilu ya miƙa masa mabuɗi.

A Janairun 2025, bayan yawaitar satar murafun kwalbatoci da wayoyin fitilun titi, hukumar birnin ta hana yawon bola a cikin gari, ta kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu. An tare shi a hanya yana tura guntayen ƙarfe na shago, aka tafi da shi. Maigidan ya bi su da rasit ɗin ƙarfen da takardar yarjejeniyar koyon sana'a, ya tsaya masa, aka sake shi kafin magariba ba tare da tuhuma ba. Irin wannan kamun ne ya cinye masa wata 13 a 2019.

Zuwa Disamban 2025 ya yi wata 28 a waje babu sabuwar tuhuma. Rashin kamu kaɗai ba ma'auni ba ne, tun da shi da bakinsa ya ce tsakanin 2017 da 2018 ya yi sata fiye da sau goma ba a kama shi ba. Ma'aunin da na fi dogara da shi shi ne littafin maigidan, inda ake rubuta zuwan kowane yaro: a cikin wata 28 ya yi fashin kwana tara, shida daga ciki na zuwa gida ne da izini.

Nazari

Hukunci huɗu daban-daban aka gwada a kansa, idan aka haɗa da tsarewar da ba hukunci ba. Tarar 2017 ce ta fi yi masa illa a ganina, duk da ita ce ta fi kama da sassauci, domin kotu ta sa farashi a kan 'yancinsa, wanda ya fi kowa amfana da satarsa kuma ya saya. A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta ƙaddamar, a Kuje ɗin nan, da sakin fursunoni 4,068 ta hanyar biya musu tarar da ta kai naira miliyan 585. Wannan ya fi abin da ya same shi nesa ba kusa ba, don ba a rubuta kuɗin a littafin kowa ba, amma tambayar inda mutum zai kwana a daren da ya fito tana nan. Sharar 2018 tunani ne mai kyau da aka yanke ba tare da duba nisan wurin da lokacin neman abincinsa ba, kuma babu mai bibiya. Zaman jiran shari'a ya ba shi duk sharrin gidan yari, bai ba shi ko ɗaya daga cikin amfaninsa ba.

Mai son tsanani zai ce ɗaurin shekara uku ne ya gyara shi, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Shi ne hukunci na farko da ya yi tsawon da za a rabu da ƙwaya a koyi sana'a, shi ne kuma na farko mai ranar ƙarewa. Amma da ya fito a Agustan 2023 kamar yadda ya fito a 2017 da 2020, da bashi a wuyansa, babu makwanci, ban ga abin da zai hana waldar ta zama ƙarin gwaninta wajen yanke ƙarfen taga ba. Abin da ya bambanta fita ta ƙarshe shi ne an biya bashin, an samu wurin kwana, an samu mutum mai adireshi da ya yarda ya sa sunansa. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da kotu ta umarta. Shekaru ma suna da nasu rabon: ya fara yana ɗan 19 ko 20, a 2025 ya kai 28, kuma masu nazarin laifuffuka sun daɗe da lura cewa irin wannan sata tana raguwa idan mutum ya manyanta.

Game da dokar kanta, tanadinta a kan mai maimaita laifi ba shi da aibi a rubuce: a hukunta sabon laifi, a ɓoye tsohon har sai an tabbatar da sabon, sannan a ƙara nauyi gwargwado. Matsalar ita ce a wannan lamari ƙwaƙwalwar doka gaba ɗaya tabon gira ce da idon magatakarda. An yi masa sassaucin da bai cancanta ba a 2018 saboda mantuwa, aka tsare shi wata 13 a 2019 ba tare da hujja ba, kuma a duk shari'o'in huɗu ba a taɓa gayyatar mai sikeli ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan bolar ya sake buɗewa bayan rufewar Janairun 2025, da sababbin yara daga ƙauyukan nan dai.

Hukuncin 2017 da na 2021 suna nan a fayil, kuma idan ya sake shiga hannu a kan irin wannan laifi, alƙali zai fara lissafi ne daga sama da shekara uku. Maigidan ya ce zai yaye shi bayan Babbar Sallar 2026 idan an haɗa kuɗin injin walda, kawun kuma ya sake aika maganar aure, wannan karon wani gari.